Ɓawon Ranar Alhamis

Da na dawo gida bayan shekarun karatu, ban yarda da abin da ake faɗa a kan Goggo Hadija ba. Mutanen unguwarmu ta Birik a Yawunde suna cewa ta san itatuwan dutsen Mbam Minkom ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa abin da nake gani mace ce mai kusan shekara sittin, zaune a ƙofar gida tsakanin shagon tela da teburin mai tsire, da kwanonin yaji a gabanta. Na ɗauka garin da ke cikin kwano kawai ta sani. Sai da na yi watanni ina zama wurinta kafin ta ba ni labarin wata Lahadi, kuma ba don ta wanke kanta ta ba ni shi ba.

A Birik aka haife ta, a gidan da take ciki har yau. Uwarta Jiddah daga Banyo aka kawo ta aure, ta zo da turminta da sana'ar yajin jego, wanda ake barbaɗa wa mai haihuwa a farfesu da gasasshen nama har ta yi arba'in. Barkono da citta da kanumfari ana samunsu a kasuwar Mokolo ko yaushe, masoro da kimba ma haka. Ɓawon fasaƙwari ne Jiddah ba ta taɓa yarda ta saya a kasuwa ba, domin ɓawo in ya bushe sai ya yi kama da kowane ɓawo. Daga gida guda take karɓa, a wani ƙauyen ƙabilar Eton a gindin dutsen Mbam Minkom. Hadija tana da shekara goma sha biyu uwar ta kai ta can ta ga itacen a tsaye, da ƙayoyi masu kauri a jikinsa kamar ƙahon ɗan akuya. A ranar ne ta ba ta ƙa'idar aikin: kowane ɓawo a gutsure shi da haƙori kafin ya shiga turmi. Fasaƙwarin gaske yana sa harshe ya yi zugi kaɗan, sannan ya mutu kamar an ɗaure shi. Wanda bai yi haka ba a jefa shi murhu.

Fiye da shekara talatin tana bin wannan ƙa'ida. Mijinta mahauci ya rasu, 'ya'ya suka watse Duwala da Garwa, turmi ya koma injin niƙa, amma fasaƙwari bai sauya hanya ba. Papa Tsala, ɗan mutumin da ya yi hulɗa da uwarta, shi yake aiko shi a ɗan ƙaramin buhu ta hannun direbobin hanyar Okola.

Wannan karon buhun ya iso da hantsi, ranar Alhamis, tana azumin nafila. Ta kwance bakinsa, warin hayaƙi ya taso. Ɓawon ya fi na kullum duhu, amma damina ce, kuma ta san da damina a saman murhu suke busar da shi. Ta ɗauki guda har ta kai shi leɓe, sai ta tuna tana azumi. Ta mayar, ta ce bari a sha ruwa. Ba a jima ba mai injin ya aiko cewa za a ɗauke wuta da la'asar, ba a san ranar dawowa ba. Mata uku suna jiran yaji, cikinsu har da Salamatu matar Nu'man tela, wadda za a yi sunan jaririnta ranar Asabar. Hadija ta dubi buhun, ta ce a ranta wannan gidan bai taɓa aiko mata da abin da ba shi ba. Ta haɗa shi da sauran kayan, duka ya tafi inji. Da ta je karɓo garin, mai injin yana share hawaye, ya ce tunda yake bai taɓa yin atishawa irin ta yau ba. Ta ce masa to ya koma niƙa masara.

Ranar Lahadi da safe Nu'man ya zo ƙofarta ba hula. Salamatu, wadda haihuwarta ta fari ke nan, ta ci naman suna da yaji mai yawa kamar yadda ake son mai jego ta yi, ga shi yanzu tana asibiti, amai ba ya tsayawa, ba ta iya ɗaga kai. Likitar tana son ganin mai yajin.

Likitar mace ce siririya, ba ta ɗaga murya ba. Ta yi magana da Faransanci a hankali don Hadija ta bi ta.

"Maman, zuciyarta tana bugawa a hankali fiye da yadda ya kamata. Abu uku ko huɗu ke kawo haka ga mai jego, kuma maganin wani yana iya cutar da mai wani. Me ke cikin garin nan?"

Hadija ta lissafa. Da ta zo kan fasaƙwari ta tsaya.

"Kin tabbata shi ne?"

Nu'man yana tsaye a bayanta, tana jin numfashinsa.

"Ban tauna ba," in ji ta.

Ta biya gidajen sauran matan biyu ta karɓo kwalabensu. Allah ya sa ba wadda ta buɗe nata, suna da ragowar na baya. A hanya ta lasa garin. Barkono ya rufe komai, fasaƙwari yana nan, amma a ƙarƙashinsa akwai wani ɗaci siriri da ba ta san shi a yajinta ba. Atishawar mai injin ta dawo mata, kuma itace ɗaya ta sani wanda garinsa ke sa atishawa haka: gwaska, wanda uwarta ta ce a Banyo ko akuya ba a bari ta ci ganyensa. Wayar Papa Tsala ba ta shiga, dama ƙauyen ba rezo, wato sabis ɗin waya. Sai dai a je.

Garga ƙanin mijinta yana wanke taksinsa a bakin hanyar Tsinga.

"Matar yaya, ran Lahadi za ki kai ni yawon dutse? Da kin faɗa da wuri na sa rigar sallah."

"Tada motar, Garga."

Ya dubi fuskarta, ya zubar da sauran ruwan bokitin.

Suka ratsa unguwar Madagaskar, suka sha cunkoson masu fitowa daga coci, suka bar Nkolbison da ƙarfe sha ɗaya ta wuce. Daga nan gidaje suka fara raguwa, duwatsu suka matso kusa, kore shar tun daga gindi har kai, wasu da baƙin dutse a sarari kamar sanƙo. Hadija ba ta san hanyar da kilomita ba, da itatuwa uwarta ta koya mata ita. Na farko fadamar tukurwa, inda ganyen ke sunkuyowa kan ruwa. Daga nan sai babban atili a gaban wani coci, wanda ƙaronsa ke ƙamshi in an ƙona. Bayan shi rimi uku a jere, da saiwoyi kamar katangar ɗaki. A nan ake barin kwalta. Yau tana ƙirga su kamar mai jan carbi, kowane ta wuce sai ta ji kamar an ƙara wa na gaba nisa.

Wayarta ta yi ƙara kafin rimi na uku. Nu'man ne.

"Goggo, kun isa?"

"Muna hanya, ɗana. Yaya jikin?"

"Aman ya tsaya, amma ba ta amsa magana sosai." Ya faɗi lambar da ke kan na'urar auna bugun zuciya da Faransanci, arba'in da biyar. "Da safe hamsin da biyu ne. Jaririn yana ta kuka, ba ta iya ba shi nono."

Ta buɗe baki za ta ce wani abu, muryarsa ta yanke. Ta duba wayar, ba ko sanda ɗaya ta rezo.

Jar hanyar ta jiƙe da ruwan jiya. Tana hawa tana lanƙwasa, motar tana wutsil-wutsil da baya. Gonakin koko suka rufe su hagu da dama, da itatuwan safu da kwakwar manja a tsaye a kansu. Duk inda aka taɓa sare daji aka bari, wani itace mai saurin girma ya cike wurin, ganyensa a buɗe kamar laima. A wata kwana daji ya buɗe gaba ɗaya, kwari ya bayyana a ƙasa, hazo yana kwance a cikinsa, wani itace mai jan fure yana ci kamar wuta a tsakiyar kore. Can baya ana hango Yawunde, farare-farare a kan tuddanta. Garga ya rage gudu ba da saninsa ba.

"Kai, yaya ya cuce ni. Shekara talatin yana da mata mai irin wannan wuri bai taɓa kawo ni ba."

"Dubi gabanka."

Gabansa gada ce ta katako a kan rafi, kuma katako biyu na tsakiya sun tafi da ruwa. Garga ya fita, ya taka sauran da ƙafa, ya tsuguna ya leƙa ƙasa. Ya dawo yana goge hannu a wando.

"Adda, in na ce miki za ta ɗauke mu, ƙarya na yi. In na ce ba za ta ɗauka ba, ban sani ba."

"Da ƙafa awa nawa?"

"Ke ce 'yar gari."

Ta san amsar, fiye da awa ɗaya. Ta fita ta tsallaka da ƙafa, ta tsaya a ɗaya gefen tana nuna masa da hannu inda taya za ta bi. Katakon ya yi ƙara, tayar baya ta zame har rabinta ya fita, ya taka mai, motar ta yi tsalle ta hau tudu. Ta shiga suka ci gaba.

Papa Tsala yana zaune a baranda da sanda tsakanin gwiwoyinsa. Shekara biyar rabonta da shi. Ya juyo da fuskarsa wajen ƙarar motar, amma idanunsa sun yi fari fat, suna kallon gefenta.

"Wane ne?"

"Ni ce, Papa. 'Yar Jiddah."

Ya yi murmushi, ya miƙo hannu biyu. Ta riƙe su, ta gajarta gaisuwa fiye da yadda ta taɓa yi a gidan. Da Faransancin kasuwa da 'yan kalmomin yarensa ta tambaye shi wa ya ɓaro ɓawon. Ya ce matarsa Ngono, tunda shi ya daina hawa dutse bara. Shi dai cika buhu ne aikinsa, don kada a ce ya zama ba ya komai. Ngono kuwa tana gona, can sama.

Mota ba ta wuce makarantar ƙauyen. Suka hau da ƙafa, ita a gaba da zanenta a tattare, Garga a baya yana haki yana tsine wa sigarin ƙuruciyarsa. Sama da gonakin koko daji ya sauya. Haske ya ragu, iska ta yi sanyi, gansakuka ta rufe duwatsu da gindin itatuwa. Kurangar masoro ta nannaɗe wani loko har inda ido ba ya kai, citta mai 'ya'ya ta fito da jajayen 'ya'yanta a ƙasa daf da ƙafa, ga kimba da 'ya'yanta a tattare kamar yatsu. Rabin abin da ke cikin kwanoninta yana nan a raye, kuma duk lokacin da ta zo takan tsaya ta taɓa su. Yau ta wuce. Hadari yana haɗuwa a bayan dutsen.

Suka sami Mama Ngono tana cirar gwaza, gajeruwar mace mai ƙarfi, da adda a hannu. Da ta ji abin da ya kawo su ta ɓata rai.

"Shekara arba'in ina gidan nan. Ni za a koya wa wannan itace?"

"Ba koya miki na zo yi ba, Mama. Nuna min shi."

Ta kai su gefen wani ƙaton dutse. Itacen yana nan, dogo, miƙaƙƙe, da ƙayoyinsa masu kauri. An ɓare shi yadda ya kamata, gefe ɗaya, tsawon hannu, cikin ya yi ruwan ɗorawa. Hadija ta karɓi addar ta ɓalli ɗan guntu ta tauna. Zugin ya zo, harshe ya mutu. Ta zauna a kan saiwa.

"Alhamdu lillahi," in ji Garga. "Shi ne, ko? To tashi mu nemi rezo ki gaya wa dokta ta duba wani wuri."

Ta so ta tashi. Ta riga ta shirya maganar a bakinta. Amma ɗacin nan na safe bai bar bayan harshenta ba, kuma wannan ɓawon da ke hannunta ba shi da shi. Ta dubi faɗin inda aka ɓare. Ta auna shi da ido, ta tuna nauyin buhun. Bai kai ba.

"Mama, wannan kaɗai kika ɓara?"

"Naki, shi kaɗai."

"Nawa. Akwai na wani?"

Mama Ngono ta yi nuni da haɓa zuwa gangare. Ɓeraye sun dame ta a ɗakin ajiyar koko, ta ce, sai ta ɓaro wancan don ta daka musu da gyaɗa. Hadija ta sauka tana riƙe rassa. Itace ne babba mai faɗin kai, ba ƙaya, ɓawonsa kaushi, ganyensa ƙanana a jere. A gindinsa busassun kwanson 'ya'ya masu faɗi sun zube. Inda aka sare shi ja ne, jan ruwa ya gangaro ya bushe a jikinsa. Sau ɗaya uwarta ta taɓa nuna mata gwaska, a bakin wani rafi a Banyo, ta kuma mare ta a hannu da ta kai za ta taɓa.

Hadija ta ɗaga murya ba ta juyo ba. "A ina kika busar da shi?"

"A saman murhu."

"Tare da nawa?"

"Naki a dama, wannan a hagu. Na gaya wa tsoho..." Addar Mama Ngono ta sauka a hankali har ta taɓa ƙasa. "Da na zo dakawa na ga ya ragu. Na ce ko ɓerayen ne."

Wuri ɗaya ne ake samun rezo a dutsen, wani faffaɗan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, a sama da gonar, inda 'yan ƙauye ke hawa su kira 'ya'yansu na birni. Ruwa ya fara ɗigowa kafin su kai. Garga ya riƙo hannunta a wurin da ya yi santsi.

"Adda, lambar wa muke da ita?"

"Ta Nu'man."

"To ki ce ya miƙa wa dokta kawai. Kada ki faɗa masa. Kin san 'yan gidansu. Kafin mu sauka dutsen nan labari ya gama Birik, ba mai sake sayen ko barkono a hannunki."

"In likitar ba ta kusa fa? Sai in tsaya jira ina ɓoye-ɓoye?"

A kan fan, duniya ta buɗe ta kowane gefe, duwatsu a bayan duwatsu, ruwan sama yana tahowa a kansu kamar labule. Sanda ɗaya ta fito a wayar, ta ɓace, ta dawo. Ta kira. Sai a karo na uku ta shiga.

"Goggo, arba'in da ɗaya."

"Saurare ni, ɗana, kada ta yanke. Akwai ɓawon gwaska a cikin yajin. Guba ne, zuciya yake kamawa. Ni na kai shi inji ban duba ba. Gudu ka gaya wa likita."

Ta ji takun gudunsa a kan siminti, ta ji ƙofa. Likitar ba ta san gwaska ba. Mama Ngono, wadda ta biyo su ba su sani ba, ta karɓi wayar ta faɗi sunan da masu sayen katako ke kiransa, tali. Likitar ta maimaita sunan, ta tambayi kamar kashi nawa ne a cikin garin. Hadija ta yi lissafin da ba ta so: in rabin ɓawon ne, to cokali ɗaya a cikin ashirin. Likitar ta ce to, ta san abin da za ta yi, ta kashe.

Ruwan ya sauka sosai. Suka fake a ƙarƙashin fan su uku, Mama Ngono tana kuka ba sauti. Hadija ta ce mata kada ta gaya wa tsoho yau, ta bari sai an ji yadda ta kasance. Sai bayan la'asar ruwan ya tsagaita, suka sake hawa. Saƙo ɗaya ne ya shigo, ba gaisuwa a ciki, lamba ce kawai: hamsin da takwas.

Salamatu ta yi kwana shida a asibiti, ta fito da ƙafarta. Abin da Garga ya faɗa kuma ya tabbata. 'Yan'uwan Nu'man suka zo ƙofar gida suna tambayar sunan ƙauyen da sunan wanda ya aiko ɓawon, Hadija ta ce ita ta kai inji, ita za su tambaya. Wani malamin unguwa ya gaya mata daga baya cewa da ta tauna ta tofar, azuminta bai karye ba, abin ƙi ne kawai, kuma da larura ko ƙin babu. Ta ce ta gode. Kusan shekara guda kwanoninta suna shan ƙura, tana sayar da gyaɗa da ƙuli-ƙuli. A hankali mata suka fara dawowa, tsofaffin farko, waɗanda ta yi wa yajin 'ya'yansu duka. Fasaƙwari kuwa har yau daga gidan Papa Tsala yake zuwa, sai dai yanzu ita take hawa ta ɗauko, sau biyu a shekara, a motar Garga.

Na tambaye ta ko Salamatu ta sake sayen yajinta, tunda na ji ta haihu na biyu.

"A'a, Nu'man ya hana, kuma ban ga laifinsa ba. Uwarta ke aiko mata daga Garwa." Ta kori ƙuda daga bakin kwano. "Sai dai in ya iso, ba ta ci sai ta kawo min na ɗanɗana."